Rumfar da Ɗana Ya Gina a Ƙasar Ƙanƙara

Ana sallame sallar asuba muka bar Makka, ni da mai ɗakina, 'yan kwanaki bayan ƙaramar sallah. Motar da ta ɗauke mu zuwa Jidda ba ta yi nisa ba na laluba aljihu in ji ko fasfonmu yana nan. Yana nan. Kafin mu fita gari na sake lalubawa. Waɗanda suka san ni a unguwarmu ta Jarwal ba za su yi mamaki ba, ni ne mai kulle shago ya tafi, ya dawo ya girgiza kwaɗo, ya tafi, ya sake dawowa. Amma wannan karon ba takardu ne suka hana ni sukuni ba. Wani hoto ne.

Babban ɗana yana Kanada. Karatu ya kai shi, aiki ya riƙe shi, har ya sayi gida a wani ƙauye, shi da matarsa. Cikin azumi ya turo mana hoto ta waya. Ga shi tsaye yana dariya a gaban wata rumfar katako da ba a gama ba, can ƙarshen filin gidansa. Ga bututun hayaƙi, ga wani ƙaton farantin ƙarfe, ga itatuwa kowanne an huda shi an rataya masa bokiti. Cikin alfahari na nuna wa tela maƙwabcin shagona, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kudancin Nijeriya. Ya kalli hoton, ya kalle ni, ya rage murya.

"Alhaji, ka san yadda ake tatsar bammi kuwa? To haka ake yi. A huda itace, a rataya gora, ruwa ya ɗiga, ya kwana ya zama giya. Ni dai ban ce komai ba."

Ai kuwa ya ce komai. Kafin sallah mutanen layinmu sun fara gaishe ni irin gaisuwar wanda aka yi wa rasuwa. Na kasa tambayar yaron ta waya. Da wane baki uba zai tambayi ɗansa ko giya yake dafawa? Bizarmu ta daɗe da fitowa, ni ne nake ta ja da baya, sai na ce a yanka mana tikiti. Na kuma yi rantsuwa tsakanina da Ubangijina: ba zan sa lomar gidansa a bakina ba sai na ga gaskiya da idona. In kuwa maganar tela ce ta tabbata, zan juyo, kuma ya gama ganin fuskata. Na cika jaka da dabino da shabura, busasshen burodin nan da muke tsomawa a shayi. Mai ɗakina kuwa tsarabarta ta haɗa, kuka da daddawa da gwangwanin man shanu, tana cewa Allah ya shirye ni da telan gaba ɗaya.

A jirgi na tambayi ma'aikaciya ko naman halal ne, ta ce e. Na tambayi ta biyu, ita ma ta ce e. Na ci burodin kawai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rana. Muna ta tafiya yamma, ita kuma ta ƙi faɗuwa. Agogona ya ce magariba ta wuce a Makka, taga kuwa ta ce hantsi bai gama gushewa ba. Na rasa wanda zan bi a cikinsu.

Ƙofar filin jirgi na buɗewa na ji kamar an tura ni cikin firjin masu sayar da kifi. Jallabiya ce a jikina da 'yar rigar sanyin da nake hawa garin Ɗa'if na kan dutse da ita. Kunnuwana suka daina zama nawa. Yaron ya rugo ya sumbaci kaina, ya lulluɓa mini wata riga mai nauyi kamar katifa. Allah ya yafe mini, da ya rungume ni sai da na shinshina numfashinsa. Ƙamshin gahawa kawai na ji.

Hanyarsu faffaɗa ce, kuma tun daga birni har ƙauye ban ji wanda ya danna hon ba. Mu da muka saba da cunkoson lokacin hajji sai shirun ya ba ni tsoro. Dama da hagu daji ne, amma babu ganye ko ɗaya, itatuwa tsirara baƙi ƙirin a cikin farar ƙanƙara. Na tambaya ko gobara aka yi. Ya ce a'a, barci suke yi, yanzu ne ma suke shirin farkawa. Mun tsaya a gidan mai, na sayi shayi da kuɗina a kofin takarda. Da aka juya mini kuɗin zuwa riyal, na ga zai ciyar da gidana burodin tamis da dafaffen waken ful na safe har a rage wa baƙo. Ga shi ko na'ana'a babu.

Da muka isa na tambayi alƙibla. Ya nuna mini wani wuri tsakanin gabas da arewa. Arewa! Ni da tun haihuwa in na ɗaga kai nake hango hasumiyar Harami, yau waya ce za ta nuna mini ɗakin Allah, kuma ta nuna wajen da sanyi ke fitowa. Na yi sallah inda ya nuna, da ya fita na sake yi ina kallon inda zuciyata ta fi kwanciya.

Surukata ta yi mana tuwo da miyar kuka, ta yi shinkafa buhari irin ta gida. Ƙamshi ya cika ko'ina. Na ce cikina ba daɗi, na shiga ɗaki na ci shabura da ruwan famfo. Washegari ma haka. Tana kawo tire tana durƙusawa, tana komawa da shi yadda ta kawo. A rana ta uku na ji ta a kicin tana tambayar mai ɗakina, cikin kuka, ko wani laifi ta yi wa Baba. Irin kallon da mai ɗakina ta yi mini bayan nan ba sai na faɗa ba.

Da safen nan na bi yaron zuwa rumfar. Ƙafa tana nutsewa har ƙwauri. Rumfa ce ƙarama, bango na katako, ƙasa an zuba tsakuwa, a tsakiya murhun bulo dogo da farantin a kansa. A gefe an jera faskararren itace har ya kai kafaɗata. Rabin rufin kwano ya hau, rabi bai hau ba. Itatuwan kuwa su ne masu ganyen nan da ke jikin tutar ƙasar, suna kiransu meful. Na leƙa wani bokiti. Ruwa ne garai-garai kamar na famfo, yana sauka ɗis, ɗis, daga wani ɗan bututu. Na shinshina, ba wari. Amma tela ya ce shi ma bammi da fari ba ya wari.

Yaron ya hau tsani ya kira ni.

"Abuya, kai da ka yi shekaru kana kafa tantuna a Arfa, zo ka riƙe mini kwanon nan. Yau nake so in gama, ruwa ya taru."

Na tsaya da hannuwana cikin aljihu. Wanda ya taya gina ɗakin giya ai yana da kasonsa a zunubi. Na ce ba zan riƙe ba. Ya juyo yana kallona. Sai na ji maganar ta fito da kanta.

"Don Allahn da ya halicce ka, faɗa mini gaskiya. Bammi kake yi a nan?"

Hausarsa ba ta kai nan ba, sai da na faɗa masa da Larabci. Ya sauko daga tsani a hankali. Na ɗauka zai yi dariya ko ya yi faɗa, bai yi ko ɗaya ba. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Shi ya sa ba ka cin abincinmu?"

Na kawar da kai ina kallon bokitan.

"Abuya, ni ne fa. Kai ka riƙa kai ni hadda da hannunka." Ya share fuska da bayan safar hannu. "Zuma ce ta itace, kamar dibis, zumar dabinon nan tamu. Amma kada ka yarda da bakina. Riƙe mini kwanon, mu hura wuta, ka zauna ka gani."

Da ihu ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na cire hannu daga aljihu na riƙe kwano. Muka buga ƙusa har muka kai ƙarshe, sai na ga ya bar dogon rami a tsakiyar rufi, da 'yar hula ta katako a samansa. Na ce a ƙasar da sama ke zubo ƙanƙara wa ke barin rami a rufi? Ya ce in jira. Na kuma tambaye shi abin da ke cina: in ruwan ya kwana fa? Bai ɓoye mini ba. Ya ce sanyi yana riƙe shi, amma in aka bar shi ya daɗe a ɗumi yakan yi duhu ya yi tsami, sai dai a zubar. Jin haka na ɗauki bokiti. Daga ranar ni ne mai bin itatuwa, kuma ban bar wa ko ɗigo ɗaya damar kwana ba.

Muka hura wuta. Da ruwan ya tafasa tururi ya turnuƙe rumfar har ba na ganin yaron, sai na ga yana bin ramin nan yana fita kamar an kira shi. Muka juye bokiti bayan bokiti, duk suka bi ta rufi suka tafi sama. Na riƙe baki. Tun hantsi har la'asar muna cusa itace, abin da ya rage a farantin bai fi a wanke hannu ba. Amma launi ya sauya, daga ruwa ya koma kamar shayi marar ƙarfi, daga nan ya fara ja, ƙamshi mai zaƙi ya kama mana tufafi.

Ana cikin haka kumfa ta taso za ta zube. Daidai lokacin wani tsoho Bature, maƙwabcinsu, ya leƙo, ya bar karensa a bakin shinge. Ya faɗi wata magana yana dariya, yana nuna saman farantin da yatsa. Yaron ya ƙi fassara mini. Na matsa.

"Cewa ya yi kakansa kitsen alade yake ratayawa a nan. In kumfa ta taso ta taɓa shi sai ta kwanta."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na tsere wa giya na faɗa alade. Na ce farantin nan daga hannun wa ka saya? Ya ce sabo ne fil daga kanti, shi ya fara ɗora shi a wuta, kuma shi ɗigon man girki yake sawa. Ban tsaya jin sauran ba. Na ruga cikin gida, na zame na faɗi a ƙanƙara na tashi, na ɗauko gwangwanin man shanun mai ɗakina. Ɗan kaɗan a bakin cokali muka sa. Kumfar nan ta kwanta luf kamar yaron da ya ga malaminsa. Tsohon ya tafa, ya shinshina gwangwanin, ya lumshe ido. Sai da muka ɗebar masa a kofi ya tafi da shi.

Da zumar ta yi kauri, yaron ya ce al'adar garin a zuba ta da zafinta a kan ƙanƙara. Na ce wace ƙanƙara, wadda kare ya taka? Ya hau tsani ya ɗebo sabuwa daga kan rufin gidan. Ya tsiyaya zumar a kai, ta daskare, ya naɗe ta a tsinke kamar alewa ya miƙo mini. Na yi bisimilla na sa a baki. Zaƙinta ba irin na dabino ba ne, akwai ɗan ƙamshin hayaƙi da na itace a ciki, kuma babu abin da ya hau mini kai sai kunya. Na ce ya je ya gaya wa matarsa ta ɗumama tuwon nan. Na ci a gabanta har na nemi ƙari, na ce ta yafe mini. Ta sunkuyar da kai tana dariya tana share ido.

Ranar da muka sauka Jidda zafi ya buge ni a fuska, na ce marhaban da ɗan'uwa. Na fara zuwa wajen malami ya tabbatar mini rantsuwata ba ta karye ba, sannan na buɗe shago. Na sayo tamis mai zafi, na tsiyaya masa daga kwalbar da na zo da ita, na kira tela. Ya ci, ya lashe yatsa.

"Alhaji, wannan wace irin zuma ce?"

"Bammin ɗana ne."

Ya daina tauna. Ya kalli kwalbar, ya kalle ni.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji shi, ya miƙa hannu ya ƙara yagar tamis.

Na ga daji mai barci, na ga ranar da ta ƙi faɗuwa, na ga ruwan itace ya zama zuma. Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne fuskar ɗana lokacin da yake saukowa daga tsani. Tambaya ɗaya ce na ji kunyar yi masa ta waya, sai na ɗauke ta a ciki na ƙetare teku da ita, na sa 'yar mutane kuka a kicin ɗinta. Waswasi bai bar ni ba, kuma ba na jin zai bari. Sai dai yanzu in ya taso, wanda abin ya shafa nake kira, ba tela ba. Jiya ma na kira yaron na tambaye shi ko ya bar ruwa ya kwana a bokiti. Ya ce itatuwa sun fitar da ganye, ruwa ya tsaya sai baɗi, ya wanke bokitan ya kife, kuma ya rubuta sunana a jikin ɗaya.