Gishirin Baba a Kaura

Baba ya sunkuyar da kai tun kafin ya ɗaga labulen. Abin da na fara lura da shi ke nan da muka isa gidan abincin da ke bayan tasha a Kaura Namoda. A bayan labulen akwai wani katako da aka gicciya ƙasa-ƙasa, ba a ganinsa daga waje. Wani dogon mutum da ya biyo bayanmu sai da ya buga goshi, hularsa ta faɗi, ya yi salati. Baba kuwa ya wuce sumul, alhali yanzun nan ya gama ce mini a hanya, "Bari mu gwada nan, ban san ko abincinsu na da daɗi ba."

Hoto ne ya kawo mu gari. A makaranta an ce kowa ya kawo ƙaramin hoto na jarrabawa, kuma a ƙauyenmu, can wajen Sakajiki, babu mai ɗauka. Mai hoton ya sha fama da ni. Duk lokacin da ya saita na'urarsa sai idona ya koma ƙasa. Har ya ce, "'Yan mata, ɗago kai mana. Ba takalminki za a liƙa ga takarda ba." Da ƙyar aka samu guda ɗaya. Sai kuma aka ɗauke wuta, ya ce mu dawo bayan azahar idan ya tayar da janareta. Yunwa ta kama mu a tsakani.

A gidanmu kowa ya san Baba ba ya cin abincin waje. Tun ranar da jiri ya kwashe shi a gona, aka ɗauko shi a kan babur mutum biyu suna riƙe da shi, likita ya ce jininsa ya hau, a rage gishiri da maiƙo. Inna ba ta rage ba, cirewa ta yi gaba ɗaya. Ta ware masa 'yar tukunya, miyarsa daban, ba gishiri, ba dunƙule, ba man shanu. Na taɓa lasa sau ɗaya a ɓoye, ban sake ba. Shi kuwa sai ya ci loma kaɗan ya ture kwanon ya ce, "Alhamdu lillahi, ai na ma saba." Inna tana alfahari da wannan ƙwarai. Idan maƙwabta suka shigo daka takan ce, "Malam ko ruwan kasuwa bai sha. In ya tahi Kaura, da yunwarshi yake dawo min." Idan ya dawo ya kasa cin tuwon dare kuma sai ta zauna ta yi tagumi, ta ce ciwon nan ya hana shi cin abinci.

Mai abincin wata Hajiya ce mai jiki, tana zaune a kan 'yar kujera tsakanin manyan tukwane, ludayi a hannu. Tana ganin Baba ta washe baki.

"Maraba da Malam! Yau ka makara, har na ce ko lahiya."

Baba ya yi tari. Ya gyara hula. Ya ce, "Hala kin ɗauke ni wani ne, Hajiya."

Sai a lokacin ta hango ni a bayansa, na riƙe gefen hijabina. Ta dube ni, ta dube shi, ta ajiye ludayin a hankali.

"Au, to. Sannu da zuwa, baƙo. Mi za a zuba maka? Ko in zuba maka irin na mutumin nan da kake kama da shi?"

Mazan da ke kan benci suka fashe da dariya. Wani direba mai hanyar Shinkafi, wanda daga baya na gane abokin wasan Baba ne, ya matsa gefe ya buga bencin da tafin hannu. "Baƙo, taho ga wuri kusa da taga. Wani mutumin Sakajiki ke zama nan duk ran kasuwa, amma yau bai zo ba."

"Ku ji tsoron Allah," in ji Baba, amma ya zauna, kuma daidai inda katakon bencin ya yi santsi ya zauna.

Ni ban taɓa cin abinci a gaban maza ba, kuma Hajiya ta gane haka ba tare da na faɗa ba. Ta jawo wata kujera ta ajiye a gefenta, bayan tukunyar shinkafa, ta ce, "Zauna nan, ɗiyata, ki bar su da shirmensu." Ta zuba mini shinkafa da wake da mai da yaji. Daga inda nake ina ganin hannunta, ina kuma ganin Baba ta tsakanin tukwane biyu.

Ba ta tambaye shi komai ba. Ta ɗauki malmalar tuwon dawa biyu, ta kwarara miyar kuka, ta tsamo kayan ciki daga wata tukunya ta jera a kai. Ta ɗebo man shanu cokali guda, ta ɗan tsaya, ta ƙara rabi. Sannan ta tsoma yatsu uku a gwangwanin gishiri ta barbaɗa a sama, duk da cewa miyar da gishirinta aka dafa ta.

Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya naɗe hannun riga. Ya yi bismilla da ƙarfi, irin wadda na daɗe ban ji ya yi a gida ba. Yana ci gumi na tsattsafo masa a goshi, yana musu da direban a kan wace hanya ta fi ramuka, ta Zurmi ko ta Shinkafi, yana lashe yatsa yana dariya. Na ji daɗin ganinsa haka. Sai kuma na tuna yadda ƙafafunsa suke jan ƙasa a ranar babur ɗin nan, da yadda Inna ta fito ko mayafi babu. Na ajiye cokalina a kan shinkafar.

"Hajiya, ƙara ma yarinyar nan nama," Baba ya ɗaga murya. Can kuma, "A ba ta lemo mai sanyi." Ni da ko alawa sai na yi kwana da kwanaki ina kewaye-kewaye kafin ya saya mini.

Direban ya ce, "Malam, wanga nama na toshiyar baki ne ko na ƙauna?"

"Ɗiyata ba ta da surutu," in ji Baba. "Ba irinka ba ce."

Da ya gama ya fita wanke hannu, ya yafito ni in zuba masa ruwa da buta. Yakan kira ni Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya rage murya.

"Uwata, in Innarki ta tambaya, mi munka ci?"

Na dubi butar.

"Hura munka sha, ko? Hura ba ta da laihi."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Shi ya ɗauki shirun nan a matsayin e. Ya shafa kaina da jiƙaƙƙen hannu, ya ce in jira shi wurin Hajiya, zai je masallaci ya dawo mu karɓi hoton.

Na koma kujerata ina ta juya abin a raina. Idan na faɗa wa Inna, ba faɗa za ta yi ba, na san halinta. Shiru za ta yi, ta ci gaba da dafa 'yar tukunyar nan, amma ba za ta sake ɗaga kai a gaban maƙwabta ta yi maganar Malam da ruwan kasuwa ba. Idan kuma na yi shiru, duk ran kasuwa yatsu ukun nan za su shiga gwangwani. Shi Baba ba zan iya duban idonsa in ce masa ya daina ba. Saura mutum ɗaya, tana gefena tana kankare ƙanzo. Matsalar ita ce ni ko a aji ba na iya ɗaga hannu in nemi izinin fita.

Mazan suka watse zuwa salla, wurin ya yi tsit sai ƙarar cokalinta a gindin tukunya. Na buɗe baki, na rufe. Na sake buɗewa.

"Ke, ƙuda zai shiga," in ji Hajiya, ba ta ko dube ni ba. "Tun ɗazu kike ta buɗe shi kina ruhewa. Ƙari kike so? Ko yajin ne ya yi yawa?"

Na girgiza kai.

"To mi ne ne? Hwaɗi mana, ba ni cizo."

Na kafa ido a kan gwangwanin gishirin, don ya fi fuskarta sauƙin kallo. Muryata ta fito siririya, har sai da ta daina kankarar ta matso da kunne.

"Hajiya, Babana ba shi da lahiya, likita ya hana shi gishiri da mai. Don Allah in ya zo ki riƙa rage mishi. Kaɗan-kaɗan, yadda ba zai gane ba. Kuma don Allah kada ki ce ni na ce."