Irin da Kaka Ta Bar Mini

Shekarar da tsohuwar rijiyar ƙauyenmu ta rufta, ina ɗan shekara bakwai. Ruwa ya yi wuya a ƙasar Kurfai, amma kakata Gambo ba ta bar garkarta ta bayan ɗaki ta bushe ba. Ruwan alwala da na wanke hatsi take tarawa a kasko, da asuba ta raba wa kuɓewa da yakuwa ludayi-ludayi. In ta ga sabon fure sai ta kira ni: "Maigidana, taho ka ga amaryar da ta fi ni kyau!"

Bayan magariba muna zama bakin murhu, tana ɓare busasshiyar kuɓewa, tana cuɗa irin da toka don kada ƙwari su ci, tana ɗurawa a gora. A nan take mana tatsuniya.

Wadda ta fi maimaitawa ta kura ce. Kura ta saci goran iri na wata tsohuwa. Ta ji daɗin ƙarar da yake yi, ta rataye shi a raminta. Damina ta zo, kurciya ta ce mata ta shuka. Kura ta ce, "In zuba dukiyata a ƙasa? Ni mahaukaciya ce?" Kullum sai ta girgiza goran ta taka rawa. Nan Kaka kan girgiza nata goran, ta karkace baki, mu yi ta dariya har da faɗuwa. Ran da yunwa ta kama kura ta buɗe, sai gari.

"Kun ji wauta ko?" in ji Kaka. Mu ce mun ji.

Da ta rasu, goran ya zo hannuna. Na rataye shi a ɗakina, na shiga tafiya cin rani. Duk ruwan farko matata Hadiza takan ce, "Malam, ba ni ko tafi ɗaya in shuka." Ni kuma in ce, "Bar shi. Shi kaɗai ya rage mini nata." In na dawo gida sai in taɓa shi, in ji sanyi a raina. Ban taɓa tuna kura ba.

Sai bara na sauke shi, bayan shekara tara. Na gyara wuri, na zuba taki, na shuka. Kwana ashirin ina ban ruwa safe da yamma. Hadiza ita ma tana leƙawa. Na zaga kasuwar Filinge da ta Damana ina tambayar tsofaffin mata. Sun san irin, amma ba mai shi.

Malamin ajinmu na manya ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani da kyau. Ga nawa, irin da ke cikin goran Kaka: kuɓewa iri biyu, doguwa da mai jan gashi. Yakuwa fara. Kabewa ɗaya mai wuya. Rami arba'in da shida na shuka, ko ɗaya bai tsiro ba.