Malam Jaji da Tamfol ɗin da Ya Raba Iska Biyu

Saifuddeen ya yi ƙarya, kuma a kan sa'an ubansa ya yi ta. Zan faɗi yadda aka yi, amma ba dominsa na ɗauki biro ba. Domin Malam Jaji ne, wanda zai ajiye aiki ƙarshen watan nan ya koma gonarsa a Miga.

A bayan Yalwawa akwai wani dogon ɗakin kwano na Hajiya Lauratu, inda mutanen Kano da Legas ke ba da ajiyar injinansu na haƙo kuɗin intanet. Hukuncin kuɗin na bar wa malamai. Abin da na sani, injinan sun kai ɗari biyu, kowanne yana shaƙar iska ta gaba, yana feso zafi ta baya kamar bakin tanda. In zafi ya yi musu yawa sai su kashe kansu, wasu su ƙone. Malam Jaji ne ke hana haka.

Kullum kafin rana ta ɗaga ya iso a kan kekensa. Ya wanke ragar tagogi, ya bi fankoki ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne, don shekara talatin da ya yi yana gyaran firji ta koya masa kukan fankar da ta kusa tsayawa. Shi ya jera injinan duk suna duban arewa, ya rataya shuɗin tamfol daga rufi har ƙasa, iska mai sanyi ta nan, mai zafi ta can, ba sa haɗuwa. Da bazara yakan jiƙa zana ya jingina a tagogin shigar iska. Ruwa na sauka ya daina, ya ce iskar damina ta riga ta ƙoshi.

Zafin da ke fita ta baya ma bai bar shi ya tafi a banza ba. Ya kafa wa matan unguwa rumfa, suna shanya kuɓewa da tattasai. Na ji Na'ima, mai sayar da kayan miya, tana tsokanarsa:

"Baba Jaji, yau 'ya'yan naka ba su yi fushi ba ne? Kuɓewata ta ƙi bushewa."

"Na lallashe su, 'yata. Ki dawo da azahar, lokacin suke rashin kunya."

A Afrilun bara ya tafi Miga ɗaurin aure. Saifuddeen, manajan wurin, ya sayi sabuwar mota, ya ga rana za ta ci mata fenti. Sai ya kwance ɓari guda na tamfol ya lulluɓe ta. Iska mai zafi ta zagayo gaba. Kafin la'asar injin arba'in sun tsaya, uku sun ƙone. Ya yi maza ya mayar da tamfol, sannan ya kira Hajiya ya ce jiƙaƙƙen zanan tsoho ne ya sa wa injinan laima.

Washegari da Malam Jaji ya dawo, Hajiya ta ce ya miƙo mukulli. Aikinsa zai tafi, sunansa ma zai ɓaci a garin da kowa ya san shi da amana. Bai yi rantsuwa ba. Ya ce, "Hajiya, zo ki duba igiyar nan." Shi gidan makiyaya ya taso, duk ɗaurinsa irin na ɗaure maraƙi ne, ja ɗaya ya warware. Maɗauri shida na ɓarin da aka kwance kuwa an cukurkuɗe su kamar bakin buhu.

"Wa ya ɗaura waɗannan?" in ji Hajiya.

Saifuddeen ya ce bai sani ba. Na'ima ta leƙo daga rumfa: "Ranka ya daɗe, ba da tamfol ɗin ka rufe amaryar taka jiya ba? Har muka ce motar ta fi mu gata."

Malam Jaji, kai ne wanda aka zarga bai ɗaga murya ba, ya bar aikinsa ya yi masa shaida. Ranar ba ka tsaya jiran a ba ka haƙuri ba, ka ɗauko tsani ka gyara ɗaurin, kafin azahar injinan da ba su ƙone ba duk sun tashi. Tun daga nan ko ɗaya bai sake ƙonewa ba. Mai raba wa iska hanya, mun gode. Allah ya yi wa gonarka albarka, ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya wa amanar mutane.

Ku kuma masu ƙananan ayyuka, ku riƙa yin su yadda in an duba za a gane hannunku.

Saifuddeen kuwa Hajiya ta karɓe mukulli a hannunsa, ta kore shi a ranar.