Ragowar Jitar da Na Kai Dungas

Mun tashi da asuba daga Magariya, ni da ƙanena a kan motonsa, wato babur, muka nufi Dungas. Damina ta zauna, gero ya kai kafaɗa, hanya kuwa daga rairayi sai kududdufi. Rabin tafiyar mu muka yi ta tura moton. A wani ƙauye muka tsaya shan fura, mai furar tana ta dariyar lakar da ke jikinmu.

Waƙa guda ce ta fitar da ni. Muna lise, wato sakandare, ni da wani abokina muka haukace a kan kiɗan Turawan nan mai ƙara da ake kira metal. Ihun mawaƙin bai dame mu ba, jita muke jira: ta fara a hankali kamar mai rarrashi, ta hau, ta yi kuka, wata ta amsa mata daga ƙasa. Doguwar waƙar da muka fi so kuwa, mai kwafar kaset na kasuwa ya datse ta daidai inda jita ta kama hanya. Wai tunda mawaƙi ya yi shiru waƙa ta ƙare, saura ɓarnar kaset ne. Bana ɗana ya samo mini cikakkiyarta a waya, sai kuma na ji labarin kunnen abokin nan, da ke zaune a Dungas, yana mutuwa.

A gona muka same shi. Bayan gaisuwa da tsiyar furfura, muka zauna gindin tsamiya, na manna masa wayar a kunne. Ganga ya ji, har yana kaɗa kai. Da jita ta hau can sama tsigar jikina ta tashi, shi kuwa kallona kawai yake yi.

"Mutumina, ta fara?" in ji shi.

A lokacin ta kusa ƙarewa. Tausayi ya kama ni. Na kashe wayar, na kafa baki a kunnensa, na yi masa kiɗan da kakkaurar muryata tun daga inda aka datse. Ƙanena ya juya mana baya don kunya.

Da na gama, sai ya ce, "Ashe sauka take yi a ƙarshe. Ni duk shekarun nan sama nake kai ta."

Da magariba muka shigo Magariya, muryata a dishe. Tafiyar ta koya mini cewa daɗin doguwar waƙa yana wajen wanda kuka yi jiranta tare. Har yau ban iya kunna ta ni kaɗai ba.