Daminar da Kulu Ta Sallami Baƙin Ɗanta

Waɗanda suka san Kulu a tsufanta, a ƙauyensu da ke gabas da Yekuwa, sun san ta da riƙon hannu wajen awo. Jikokinta kan tsokane ta wai ko gishiri za ta zuba a miya sai ta yi shawara da shi tukuna. Haushi yake ba ni in na ji ana ce mata marowaciya, domin masu faɗin haka ba su taɓa riƙe babban gida da rumbu ɗaya a tsakiyar damina ba.

A shekarun da nasara suke yaƙinsu na biyu ne abin ya same ta. Da kaka aka zo aka auna hatsi wai na sojoji, da bazara aka dawo aka kwashi maza aikin hanya, cikinsu har da mijinta Maikano. Ya bar mata 'ya'ya shida a gida, ga Zuwera matar ƙanensa marigayi da nata huɗu, ga rumbu ɗaya tak. Mace ba ta leƙa rumbun miji, amma ranar da za a tafi da shi ya ce mata, "Ki shiga da kanki, Kulu. In kin kai su tumu, kin gama mini komai."

Kai yara tumu shi ne duka aikin. Wato hatsin ya isa har geron gona ya nuna, a karyo kai a gasa. Kulu ba ta ƙirga damma, da jikinta take sanin inda aka kwana. Farkon damina in ta hau bakin rumbu, hannu kawai take miƙawa ta jawo dami. Da aka gama noman fari sai ta zura ƙafafu ta dira ciki, gero ya tare ta a ƙugu. A lissafinta, in ba a yi baƙo ba, in ba a yi suna ko rasuwa ba, za su kai da ƙyar.

Ana nan sai aka ba da hutun lakwal, wato makarantar nasara, Mutari ya dawo daga Damagaram.

Mutari shi ne ɗanta na fari, kuma Kulu ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta hira da shi, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. In ya zama dole sai ta ce "yaron nan". Tun yaye kakarsa Gimbiya ta ɗauke shi, ita yake kira Inna, uwarsa kuwa Yaya yake ce mata. Duk abin da Kulu take so ya sani, Gimbiya take faɗa wa, ita kuma ta isar. Ran da sarki ya nemi yaran da za a kai lakwal aka nuna Mutari, Kulu ta shiga bayan ɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska, ba wanda ya gani. To, Gimbiya ta rasu da rani. Bakin da ke tsakaninsu ya tafi.

Bai kuma dawo shi kaɗai ba. Ya zo da abokansa biyu, Bunu da Manzo, 'yan can gabas wajen tafki, waɗanda garinsu ya yi nisan da hutu ba zai ishe su zuwa da dawowa ba. Samari ne masu ladabi, suka durƙusa suka gaishe ta. Kulu ta ce, "Sannunku da hanya, 'yan samari. Gida naku ne." Tana faɗa tana kallon faɗin kafaɗunsu, don ta san irin cin da mai irin wannan kafaɗa yake yi.

Baƙo ba ya cin abin da 'yan gida suke maneji da shi, balle baƙon ɗan fari. Saboda haka akushin da ke fita zaure tuwo ne sosai, furarsu da kauri. Abin da ya rage a cikin gida shi ake ja. Kulu ta fara haɗa garin da dusa. Ta tura yara ɗebo tafasa da yaɗiya, a dafa a zuba ɗan gari a kai don a ce an ci hatsi. Furar rana ta koma farau-farau, ludayi yana shiga yana fita ba abin da ya manne masa. Nata rabon kuwa ta daina ɗiba, sai ta kankare ƙanzon tukunya ta ce ta ƙoshi.

Samarin ba malalata ba ne. Kullum suna gona da hauya, hannayensu na lakwal duk sun yi kanta. Sai dai noma yunwa yake kawowa, akushi yana komowa kamar an wanke shi. Mutari kuwa bai san komai ba. Yana zaure da baƙinsa, namiji ne, ba ya shiga madafa, kuma a lakwal ya saba a buga ƙarfe a kawo abinci.

Kulu ta sami Zuwera a bakin turmi. "Zuwera, ki yi wa yaron nan magana. Ki nuna masa halin da ake ciki."

Zuwera ta ajiye taɓarya. "Ni, Yaya? Ina zaune da marayu huɗu a gidan ubansa, muna cin hatsin ubansa, sannan in buɗe baki in ce baƙinsa sun yi yawa? Ai cewa za a yi na kore su don 'ya'yana su ƙoshi. Ki yi mini rai."

Gaskiya ta faɗa, Kulu ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Marka ta kama, ruwa ba dare ba rana, gero a gona ya yi ciki amma bai fid da kai ba. Ɗela, autar Kulu, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ganye ya ɓata mata ciki. Ta daina bin yara, ta daina ma kuka. Sai a gan ta kwance a gindin turmi, ƙuda na sauka a bakinta ba ta kora. Kulu ta san abin da yarinyar ke bukata, kunun gero ne tsantsa safe da yamma, kuma ta san akushin da wannan geron yake tafiya.

Wata rana da azahar Mutari ya tsaya a ƙofar zaure da ƙwarya a hannu, ya ɗaga murya. "Inna Zuwera, furar yau ta yi ruwa. A dinga ƙara mana gari mana, kada baƙina su ce mun gaji da su. Ai suna nan har a koma lakwal bayan girbi."

Bayan girbi! Kulu tana jin haka ta tashi ta nufi rumbu. Ta hau, ta zura ƙafafu, ta saki jiki. Babu geron da ya tare ta. Tafin ƙafarta ya sauka a kan daɓe, sanyinsa ya ratsa ta har ka. 'Yan damman da suka rage suna jingine a gefe ɗaya. Ta daɗe a tsaye a ciki, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Washegari da safe samarin suka saɓa hauya. Bunu da Manzo suka yi gaba, Mutari ya tsaya ɗaure wandonsa a bayan danga. Kulu ta zagayo ta tsaya nesa kaɗan, ta juya masa gefe, idonta a ƙasa. Ta shirya magana mai tsawo. Za ta gaya masa abin da ubansa ya ce, da halin Ɗela, da yadda take alfahari da shi in ta hango shi a gona.

"Mutari."

Ya daskare. Ya waiga ko'ina yana neman mai kiran, sannan ya gane ita ce. Fuskarsa ta buɗe kamar ta ƙaramin yaro. Ya durƙusa.

"Na'am, Yaya."

Harshen da bai saba ba, ba ya iya doguwar tafiya. Duk abin da ta shirya ya tsere don kunya, abin da ya fito guntu ne mai kaifi.

"Ka sallami baƙinka. Abincin gidan nan ba zai ɗauke ku ba."

"Ku," ta ce, don su take gani su uku a kan akushi ɗaya. Shi kuwa ya ji har da shi ake nufi, ya ɗaga kai yana jiran saura. Saura bai zo ba.

"Yaya," in ji shi a hankali, "tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinki ba sai yau. Ashe don wannan aka ajiye mini shi."

Da Gimbiya na raye da ta ja kunnensa ta ce, kai wawa, uwar da ba ta kiran sunanka ita ce ta fi kowa sonka. Amma yaron ya yi shekaru a inda uwa ke rungume ɗanta a cikin littafi, ya manta yadda ake karanta shirun tasa uwar. Ya ce "To," ya miƙe ya bi abokansa.

Kafin rana ta take suka dawo. Kulu tana surfe Zuwera ta shigo da gudu. "Yaya, har da shi! Ya ɗauki akwatinsa! Wai za su Magarya su nemi dako wurin masu gyaɗa har a koma lakwal. Fito ki tsai da shi!"

Kulu ta fito ƙofar gida. Ga su can a hanyar da ta ratsa gonaki, akwatuna a ka, Mutari ne a baya, yana tafiya a hankali kamar mai sauraro. Murya ɗaya za ta ɗaga ya juyo, ta sani sarai. Maƙwabta sun fito suna kallo, amma ba su ne suka riƙe mata baki ba. Tana tsaye a nan hannunta ya riga ya yi awon. Baki biyu in sun ragu, ana iya kaiwa, ana iya kasawa. Baki uku in sun ragu, Ɗela za ta sha kunu har tumu.

Ta tsaya tana kallo har gero ya rufe su. Ta koma ciki, ta auna hatsin yini, ta ware na Ɗela daban ta dama mata kunu mai kauri. Tana ba ta kunun da ludayi tana hawaye, wannan karon a tsakar gida, kowa na gani.

Hatsin ya kai. Ranar da aka karyo tumun fari, yara goma suka kewaye wuta suna murza suna dariya, Ɗela a tsakiyarsu da baƙin toka a baki. Maikano ya dawo da kaka ya tarar da kowa da rai, ya yi ta sa wa matarsa albarka.

Mutari ya gama lakwal ya zama mushe, wato malamin lakwal, a Damagaram, yana koyar da yara. Bai yi wa uwarsa rashin kunya ba ko sau ɗaya. In an yi rasuwa yakan zo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tashi kafin a sauke tukunya. Kowace damina hatsinsa kan iso a bayan raƙumi, buhu-buhu, ya wadaci gidan har a ba maƙwabta. Shi ne dai bai ƙara cin tuwon Kulu ba har ta koma ga Allah.