Kunyar Gwaggo

Ɗanyar gyaɗa da aka ciro yanzu, ƙasa na manne a ɓawonta, tana da wani ƙamshi da ba na son ji. Shekaranjiya maƙwabciyata ta aiko mini da ita cike da kwano, na ce a yi mata godiya, na tura kwanon ƙarƙashin gado. Kada ka ce wulaƙanci ne. Tsaya ka ji dalili tukuna.

Gwaggona ce ta riƙe ni, yayar mahaifina, a wani ƙauye tsakanin Kunduru da Kankiya. Uwata ta rasu ina goye, ubana ya tafi ci-rani kudu, har yau shiru. Gwaggo makauniya ce, ƙyanda ta cinye mata idanu tun tana ƙarama. Ba miji, ba ɗa, ba gona. Ɗaki guda gare ta a bakin gari, da murhu, da turmi, sai ni.

Amma ba ta taɓa yin bara ba, kuma tana so kowa ya san haka. In liman ya aiko da damin gero na zakka takan karɓa, ta ce wannan Allah ne ya yanka mata, ba mutum ba. Kafin damina samari kan zo su gyara mata jinka, ta dama musu fura su sha, an biya ke nan. Abin da ya riƙe mu da gaske shi ne kala.

In ba ka tashi a ƙauye ba, kala ita ce tsintar abin da ya rage a gona bayan mai ita ya kwashe. A garinmu akwai yadda ake yi. Mai cirar gyaɗa yakan sa fartanya ƙarƙashi ya ɗago a hankali, don 'ya'yan su biyo uwar. Amma in an zo kunyoyin ƙarshe, na bakin hanya, sai a aje fartanya a riƙa fizga da hannu. Gyaɗar ta tsintsinke, rabi ta zauna cikin ƙasa. Mai gona ya ɗaga murya yana mita, wai ƙasar bana ta cika tauri. Da yamma wani ya bi ta bayan dangarmu yana gaya wa abokin tafiyarsa cewa an gama cira a gonar wane. Shi ke nan. Ba wanda ya yi magana da mu.

Washegari kafin rana ta yi zafi muna can. Gwaggo ta durƙusa kan kunya, ta nutsa yatsu cikin ƙasa, tana rarrafe tana jefawa a ƙwarya. Iskar kaka na kaɗa karan dawa, harawa na ƙamshi daga gonar gefe. Takan ce, "Ɗiya, manoman garin ga ba su iya cira ba. Dubi ɓarna!" Sai ta yi dariya har ta tuntsire.

Kana tsammanin ba ta sani ba? Makauniya ce, ba wawiya ba.

Da gyaɗar nan take yin ƙuli-ƙuli da mai. Da kunne take gane suya ta yi, ni kuma in ɗauki talla. Da kuɗin muke sayen sabulu da kananzir. In an yi haihuwa a gari, Gwaggo na cikin masu kai gudummawa, kwalbar manta a hannu, kanta a sama. Ka riƙe wannan: ita ma mai bayarwa ce.

Shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, tsohon da ya fi kowa bar mana kala ya kwanta ciwo. Ɗansa ya dawo daga Kano don ya kula da kaka, da agogo a hannu da rediyo a kafaɗa. Ba mugu ba ne, wallahi ba mugu ba ne. Ya ɗauki 'yan ƙwadago suka share gonar tas. Bayan la'asar, maza na zaune ƙofar masallacin da ke kusa da mu, mata na dawowa daga rijiya, sai ga shi da jaki ɗauke da buhu har ƙofar ɗakinmu.

Ya ce, "Gwaggo, bana kin huta! Baba ya gaya mani kunyoyin da ake bar maki da gangan. Na ce mi ya kai tsohuwa makauniya rarrafe cikin rana? Ga shi nan a buhu. Sadaka ce, Allah shi karɓa."

Duk na ƙofar masallaci sun ji. Wani dattijo ya kama tarin da ba shi da shi. Gwaggo ta miƙa hannu ta shafa buhun, ta ce, "Allah shi yi albarka, ɗana." Da ya tafi ta janye hannunta daga buhun. Can ta ce, "Ashe an faɗa."

Ba ta sake zuwa kala ba. Sauran manoma sun fizge kunyoyinsu kamar kullum, an bi ta bayan danga an yi maganar da aka saba, ta ƙi motsi. Awaki da yara suka cinye. Ni kuwa da bakina da ba ya shiru na ce, "Gwaggo, ai da ma kowa ya sani!"

Ta ce, "Sani daban, faɗa daban. A da ina tonon abin da suka manta. Yanzu in durƙusa gaban gari in tono abin da aka jefa mani?"

Buhun ya ƙare kafin bazara. Daga nan komai ya zo a jere. Fari ya zo, gero bai kai a fitar da zakka ba. Bayan fari wani ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe, mutane suka daina shuka ta. Samarin da ke gyara jinka suka watse birane, wai kuɗin man fetur ya zo, ana ta gine-gine. Ni kuma na ci jarrabawa aka kai ni sakandaren kwana. Gwaggo ce ta ce in tafi, wai bakin ci guda ya ragu.

Wani hutu na dawo na tarar da ɗakin a rufe da asabari, jinka ta rufta gefe guda. Maƙwabciyarmu ta ce ta bi ayarin makafi zuwa Kano. Wai da za ta hau mota ta ce, tunda an riga an sa wa abin suna, gara ta je inda yake da yawa.

Na bi ta. Na same ta a bakin wata tasha, cikin layin makafi, da ƙoƙo a gabanta, tana amshin waƙar bara. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ni ce." Ta katse waƙar. Ta san muryata fiye da tata. Amma sai ta juya fuska ta ce, "Allah shi ba da lada, 'yar makaranta. Wuce." Na yi magiya, na yi faɗa, na ja zanenta. Ta ci gaba da amshi. Da na koma hutu na gaba, aka ce ta rasu da damina.

Yanzu ina koyarwa a Kankiya. An zuba kwalta, rediyo kullum maganar taimakon naƙasassu yake yi. Kwanaki wani mai kuɗi ya zo rabon shinkafa. Aka jera guragu da makafi cikin rana, ana kiran su ɗaya-ɗaya da lasifika, mai hoto na cewa a ɗaga buhu sama. Sun karɓa, don yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce, kuma ban ga laifinsu ba. Shinkafar ta fi duk abin da muka taɓa samu yawa. Aka ce mu malamai mu kawo yara su yi tafi. Na kawo su, suka yi.

Ina da albashi yanzu, ina da ɗaki mai rufin kwano da zai ɗauki mutum biyu. Na tambayi makafin waccan tashar ta Kano inda aka binne ta. Suka ce su dai sun ji an ɗauke ta.