Bindigar Bahago

An ɗan jima da yin wannan abu, kuma ban amince da tunanina gaba ɗaya ba. Mai yiwuwa na haɗa ranaku biyu na mayar da su ɗaya, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba. Abin da na tabbatar shi ne yadda ƙirjina ya yi zafi.

Ni da ɗan kawuna tare muka tashi a unguwar Sa'alaba, gidanmu da nasu katanga ɗaya. Taubasai ne mu, shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" yake ce mini. Kakanmu maharbi ne a Sudan kafin ya zo hajji ya zauna. In ya fara labarin barewa, yadda ake bin ta ta inda iska ba za ta kai mata warin mutum ba, ni nake zama har ƙarshe. Ɗan kawuna Hausarsa ba ta kai nan ba, sai ya tsere ƙwallo.

Bambancinmu a takarda yake. Kawu ya sami jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ɗansa ya gaje shi. Ni kuwa mahaifina na bi, iƙama gare ni, wato takardar zaman baƙo. A iya fahimtata, kuma ban ce na san dokar duka ba, shi yana iya neman lasisin bindigar farauta, ni ba na iyawa. Abin da nake iyawa shi ne zuwa filin harbi na nadi, wato kulob, can wajen gari ta ɓangaren Abhur, in yi hayar ƙaramar bindigarsu in harbi takarda. Na daɗe ina yi, kuma ina jin ba laifi in ce hannuna ya faɗa.

Ranar da lasisinsa ya fito, ya shigo gidanmu ko takalmi bai cire daidai ba.

"Ina bawana? Yalla, tashi ka yi wa ubangidanka aiki. Kai ne mai digiri, ka zaɓa mini bindiga. Wadda za ta yi nadi, ta yi barewa."

"Wace barewa? Kai da kyankyaso ke kora daga banɗaki?"

"Akwai gandu mai izini, ya akhi, ana biya a shiga. Kai dai zaɓa."

Na yi masa murna da baki. Ina fata ta kai zuci, amma ba zan rantse ba.

Na duƙufa kamar mai shirin jarrabawa. Na karanta batun harsashi, wanda zai kayar da barewa nan take ba tare da ya wahalar da ita ba, amma bindigar ba za ta yi wa sabon hannu shuri a kafaɗa har ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama ba. Na karanta batun nauyi da madubin saiti. Duk wadda na gani, a kafaɗata nake jin ta. Can ƙasan raina ina lissafin cewa in muka je nadi tare, wataƙila a bar ni in ɗana, ko sau ɗaya, shi yana tsaye.

Wurin masu sayar da kayan farauta muka je mu uku, har da Kawu. Mai sayarwa ya ciro wadda na ambata, gindinta na katako mai duhu, ya miƙo mini, don ni nake ta tambayoyi. Na ɗora ta. Kumatuna ya sauka inda ya kamata, idona ya sami madubin ba tare da na nema ba. Ban taɓa riƙe abin da ya zauna mini haka ba.

"Wa ke da lasisin?" in ji mai sayarwa da Larabci.

Na miƙa wa ɗan kawuna.

Sai ya ɗora ta a kafaɗar hagu. Na manta, ko kuma na so in manta, cewa bahago ne. An yi fama da shi yana yaro har ya koyi ci da dama, amma jifa da rubutu suna nan a hagu. Mariƙin da ake ja a ɗura harsashi yana gefen dama, sai ya zamana dole ya tsallako da hannu ta saman madubin, bindigar tana karkacewa. Mai sayarwa ya ce akwai irinta sak ta bahago, sai dai ba kowa zai iya more ta ba.

Ɗan kawuna ya dube ni. "A bar wannan. Zan saba. Ai bawana ma zai riƙa taɓawa, kada ya mutu da hassada."

Ya faɗa yana dariya, amma ina jin da gaske yake. Kawu ya juyo wurina.

"Kai ka yi karatun abin. Wacce ce daidai? Abin da ka ce shi za a yi."

Kalma ɗaya ce tsakanina da bindigar nan ta dama, kuma ba wanda zai zarge ni, tunda mai abin ne da kansa ya ce a bari. Amma na karanta, kuma na kasa yin kamar ban karanta ba: kwanson harsashi zai riƙa fita ta gaban fuskarsa, kuma in barewa ta ji rauni tana bukatar harbi na biyu da sauri, hannunsa yana can yana lalube.

"Kawu, a ganina dai, ta bahagon ce. Allah ne masani, amma ita ce."

"Halas, an gama," in ji Kawu.

Aka kawo ta. Ya ɗora, ya ja mariƙin, ya koma da shi sumul. Fuskarsa ta washe. Ya ce da ni in gwada, na gwada, sai na ji kamar na sa takalmin dama a ƙafar hagu.

Ranar da ya fara harba ta a nadi, ina layin da ke kusa da shi da bindigar haya. Harsasansa na farko sun watse, na ji wani sanyi a raina wanda ba na alfahari da shi. Na gaya masa ya daina fizgar kunama, ya saki numfashi tukuna. Ya bi, suka fara taruwa a tsakiya. Kawu, da ya cire abin toshe kunne, ya ce, "Masha Allah, hannun Baba ne sak."

Hannun kakanmu ke nan. Ni kuwa na san ta wace kafaɗa kakan yake ɗora bindiga, ta dama ce.

Barewar kuwa, ya je gandun daga baya tare da abokansa. Ya aiko wa mahaifiyata cinya, da saƙon cewa a ba bawansa ƙashi. Na ci naman. Ya yi daɗi, kuma hakan ma ya ɓata mini rai.

Har yau yana cewa shi ya fara neman ta bahagon, ni na dage sai ta dama, Kawu ya raba mu. Ba haka na tuna ba, amma ba na so in zalunce shi. Kawu yana nan da ransa, haka mai sayarwar in ya tuna da mu. Duk wanda ya ga abin da idonsa ya san wani wuri da na kauce, don Allah ya sanar da ni in gyara.